Akalar da Maigidana Ya Riƙe a Tele

Shekarun baya, a wani zaɓen shugaban ƙasa da ya daɗe da wucewa, maigidana ya fito a tele. Allah ya jiƙansa, yanzu ba ya duniya. Ku 'yan yanzu da kowa ke ɗaukar kansa hoto da waya ba za ku gane girman abin ba. A lokacin, mu nan Dakoro, waɗanda muka san suna fitowa a tele su ne manyan gwamnati da 'yan kokowa.

Sana'arsa dillancin raƙuma a kasuwar bisashe. Ga wanda bai san kasuwarmu ba, mai raƙumi ba ya sayar da raƙuminsa da kansa. Daga daji yake zuwa, ya sauka a zauren dillalinsa, ya ci, ya kwana, da safe ya miƙa masa akala, wato igiyar da ake jan raƙumi da ita. Dillali in ya karɓi akala a tsakiyar kasuwa, ya shaida wa kowa ke nan cewa ya san bisar nan, ya san mai ita, ya san inda ta fito. In ta zama ta sata, shi ake kamawa. Shi ya sa dillalin kirki ba ya miƙa hannu sai ya duba shaidar wuta da ke jikin bisa, ya tambayi mai ita ko shi ɗan wa ne. Mu ba mu da shago, gonarmu kuma ba ta kai mu rani. Yardar da mutane suka yi masa ita muke ci.

Wata ranar kasuwa ya dawo da yamma yana murmushi shi kaɗai, ya zauna bakin tabarma bai ko cire takalmi ba.

"Ke, yau an ɗauke ni hoto. Wai za a sa ni a tele."

Na ce, "Kai? Da wanga hancin?"

"Da shi hwa. Samari ne sunka zo daga Yamai da motoci da kamara, 'yan parti. Sun ce duk kasuwa babu mai tsawona."

"To me ka ce musu?"

"Ba su ce in yi magana ba. Wata farar taguwa sunka jawo daga cikin raƙuma, sunka ce in riƙe ta in dubi nesa kamar ina tunani."

"Kai kuwa tunanin me kake?"

"Tuwon dare."

Muka yi dariya. Ban tambaye shi taguwar wa ce ba, shi ma abin bai zo masa a rai ba. A ganinsa wasan yara ne, ba ciniki ba.

Ba mu da tele. Maƙwabcinmu, wani mushe, wato malamin boko, da ke koyarwa a lakwal, shi ke da ita, kuma bayan magariba yakan fito da ita tsakar gida kowa ya shigo. Ni na bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya ina shelar cewa Malam zai fito. Ranar da aka fara sa tallar, zanen salla na ɗaura, sai ka ce ni aka ɗauka. Aka nuna hanya mai kwalta, aka nuna mata a bakin famfo, yara cikin aji, wani maroƙi yana ta zuba kirari. Sai ga shi. Rawani baƙi, kafaɗa a miƙe, farar taguwa a gefensa tana ɗaga wuya, akala a hannunsa na dama. Kafin in gama rangaɗa guɗa har an wuce shi, fuskar ɗan takara ta cika tele.

Akwai wani ɗan rubutu da ya fito a ƙarƙashinsa. Lokacin ban shiga yaƙi da jahilci ba, ko harafi ɗaya ban sani ba, sai na tambayi mushe. Ya ce an rubuta makiyayi. Tsakar gida ta ɗauka da dariya, don kowa ya san Malam ko akuya bai taɓa kai wa daji ba.

Kullum sai an sa tallar, wani lokaci kafin labarai da bayan labarai. In na je niƙa, mata su ce ga matar mai tele. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Har tafiyata ta canza.

Ana nan sai wata safiya aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dattijo ne Ba'abzine, siriri, ya rufe baki da amawali, ƙafafunsa duk ƙurar hanya. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, na aika da ruwa, na tsaya bayan ƙofa kamar yadda na saba in an yi baƙon da ban sani ba. Suka gaisa, suka daɗe suna tambayar juna gida da bisashe. Sannan dattijon ya ce daga wajen Azagor yake. Ya ce tun ƙarshen damina taguwarsa ta ɓace daga mashaya, ya nema har ya gaji. Ya shigo Bader Goula sayen gero, ya zauna shan shayi a wani shago mai tele, sai ya gan ta.

"Fara ce, da shaidar gidanmu a wuya. Ni na sa mata da hannuna. Na tambaya, anka ce mini mai riƙe da ita mutumin Dakoro ne. Na zo in karɓi abina."

Maigidana ya dube shi. Sannan ya ce, "Baba, wallahi ban san taguwar nan ba. Hoto ne kurum."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Akalarta na gani a hannunka, a tsakiyar kasuwa. Ba ni kaɗai na gani ba, ƙasa duka ta gani."

Magana ta je gaban sarkin dillalai ranar kasuwa. Mata ba sa zama a rumfarsa, sai na je na raɓe wurin masu fura inda kunnena zai kai. Sarkin tsoho ne da ya san maigidana tun yana yaro, amma bai sassauta masa ba.

"Ka riƙe ko ba ka riƙe ba?"

"Na riƙe, ranka shi daɗe."

"Ka duba shaida?"

"Ban duba ba."

"Wa ya ba ka?"

"Wani yaro cikin masu kamara ya jawo ta ya sa mini a hannu."

"Shi kuma wa ya ba shi?"

"Ban sani ba."

Wani daga cikin dillalan, wanda dama ba sa shiri, ya sa baki ya ce ai har rubutu aka yi a tele cewa shi ne mai bisar. Rubutun nan da muka yi wa dariya. Sarki ya ce ba za a kai magana wurin jandarma ba, a nan za ta ƙare. Amma daga yau Malam ba zai ƙara riƙe akalar kowa a kasuwar nan ba, sai ya nuna wanda ya kawo taguwar, ko ya wanke kansa yadda mai ita zai yarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya biyo baya. Dattijon ba shi da kowa a Dakoro, kuma ya ce ba zai koma ba sai ya ga ƙarshen magana. Da yamma sai ga maigidana ya shigo da shi, ya ce in ƙara hannu a tuwo, baƙo zai zauna a zaurenmu.

Na ja shi ɗaki na ce, "Malam, hankalinka ɗaya? Mutumin da ya hana ka cin abinci, shi zan dafa wa?"

Ya ce, "Mutumin daji ne ya shigo gari, a ƙofata ya fara sallama. Ina kike so shi kwana?"

"Shi kwana wurin taguwarsa."

"Ki dafa, don Allah."

Na dafa. Amma ranar duk unguwa ta ji ƙarar tukwanena.

Washegari na ɗauki mayafi na nufi biron partin, wato ofishinsu. Shugabansu na gari wani Alhaji ne mai sayar da siminti, yana zaune cikin tarin hotuna da zannuwa masu fuskar ɗan takara, samari sun kewaye shi. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Hajiya matar tauraronmu! Ku ba ta kujera."

Na ce, "Ban je Makka ba, kuma ba zama ya kawo ni ba. Alhaji, yaranku sun sa wa mijina bisar sata a hannu. Abu biyu nike so. Ku daina nuna shi, kuma ku kawo kaset ɗin gaba ɗayansa, wanda ba a yanke ba, a ga wanda ya ba su taguwar."

Murmushin ya ragu. Ya kori samarin waje, ya rage murya. Ya ce kaset yana Yamai, masu kamarar ma ba 'yan parti ba ne, haya aka yi su. Ya ce cire tallar ba a hannunsa yake ba, kuma ko a hannunsa yake, wurin Malam ne ya fi kyau a cikinta duka.

"Ki yi haƙuri har a yi zaɓe. In maganar nan ta fita yanzu, 'yan adawa za su ce muna talla da raƙumin sata. Kin san abin da hakan zai jawo?"

Na ce, "Na san abin da ya riga ya jawo. Zo ka leƙa zaurenmu ka gani."

Ya miƙo mini zane cikin leda, wai in kai wa yara. Na ce ya ajiye ya yi wa simintinsa rufi.

'Yan adawar kuwa ba su makara ba. Mata biyu suka same ni har gida, da fara'a, suna ta jajanta mini. Wai in zo taronsu a ba ni abin magana in gaya wa jama'a yadda aka yi. Har na fara jin abin ya kwanta mini, don ina neman inda zan juye wutar da ke cikina. Sai ɗayar ta ce, "Har waƙa mun sa a shirya, ta ɓarawon raƙumi a tele." Na ce wa ke nan ɓarawon? Ta fara kame-kame. Na raka su har ƙofa, ban ce su gaida gida ba. Waɗancan sun ari fuskarsa, waɗannan kuma kunyarsa suke so su ara.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Daren kasuwa zaurenmu yakan cika da baƙi daga arewa, da sirdunansu da salkunansu, ana ta dafa shayi. Yanzu sai su wuce ta ƙofarmu, su yi sallama daga nesa, su sauka a gidan wani. Ba ƙinsa suke ba, bisashe suka kawo sayarwa, shi kuwa an ɗaure masa hannu. Ranar kasuwa yakan yi wanka ya naɗa rawani kamar kullum, sannan ya zauna a zaure. Yana jin kukan raƙuma daga nan. Mutum biyu a zaure, mai ƙara da wanda ake ƙara, suna shan shayi tare. Ni kuwa na fara sayar da ƙuli-ƙuli don a samu na cefane.

Dattijon ne ya kawo shawarar su riƙa zuwa kallon tallar. Ya ce tunda babu kaset, su duba bayan hoton, ko Allah ya sa a ga wanda ke tsaye kusa. Haka suka riƙa shiga gidan mushe bayan magariba, su zauna gaba kamar yara. In tallar ta zo, ɗaya ya duba dama, ɗaya ya duba hagu. Ni ma ina daga baya ina zare ido. Amma masu kamarar sun san aikinsu: shi da taguwar suka fito tas, duk abin da ke bayansu ya zama hazo, sai inuwar mutane. Kuma kafin ka tsayar da ido an wuce. Wata rana kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana gab da zuwa wurin, dattijon ya yi tsaki ya ce wani abu da yarensu, maigidana ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin zuwan mutumin.

Akwai maraicen da na lura dattijon ya daina duba gefen da aka ba shi. Taguwar yake kallo. Da aka wuce ta, ya ja amawalinsa sama har kusa da ido. Daga baya Malam ya gaya mini da nononta ake shayar da jikokinsa marayu. Daga ranar na daina buga tukwane.

Da aka rufe yaƙin zaɓe, talla ta tsaya cak. Aka yi zaɓe, aka yi murna, aka yi kuka, kowa ya koma harkarsa. Na koma wurin Alhaji. Biro a rufe, an mayar da shi wurin ajiye buhuna. Na same shi a shagonsa, ya ce ya yi waya Yamai, an ce masu kamarar sun ɗauki wani abu a kan kaset ɗin. Ya ce, "Ai magana ta wuce, Hajiya." Na ce, "Taku ta wuce." Na faɗa masa wasu maganganun kuma da ba zan rubuta su nan ba.

Muna da taguwa guda ɗaya tak a duniya. Malam ya daɗe yana tara la'adarsa kafin ya saye ta tana ƙarama, ya ba wani amininsa kiwo a daji. Niyyarsa in ta hayayyafa ya sayar ya je Makka. A lokacin tana da ciki. Da na dawo na gaya masa abin da Alhaji ya ce, sai ya ce zai aika a kawo ta ya ba dattijon.

Ban taɓa yi masa faɗa irin na ranar ba.

Na ce, "Ka sata ne?"

"Ban sata ba."

"To in ka biya, ai ka amsa ke nan! Su waɗanda sunka sa maka ita a hannu suna can cikin motocinsu, kai za ka ba da Makkarka?"

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ba don sata zan biya ba. Shekara nawa ina gaya wa yara kada su karɓi akala ba su duba wuya ba? Ni na karɓa ban duba ba, don an ce mini ni dogo ne. Da na duba, da na tambaya, da yanzu mutumin nan yana gida da bisarsa. Ɓarawon yana tsaye kusa da ni ranar, ni na ba shi inuwa."

Na ce parti ya kamata ta biya. Ya ce parti ba ta da zaure a kasuwar Dakoro, shi ke da shi.

Dattijon da farko ya ƙi. Ya ce ya ci tuwon gidan nan, ya ga zaman mutumin, ya san ba ɓarawo ba ne, zai je ya faɗa wa sarki haka. Malam ya ce in ya koma hannu banza, mutane za su ce tuwo ne ya rufe masa baki. Suka kwana biyu suna wannan jayayya, ni ina tsakar gida ina addu'a dattijon ya yi nasara. Bai yi ba.

Ranar kasuwa, a gaban rumfar sarki, maigidana ya miƙa masa akalar taguwarmu. Dattijon ya karɓa, ya ce ya yarda, magana ta mutu. Sarki ya ce Malam ya koma bakin aikinsa. Ina wurin masu fura, na juya baya don kada a ga fuskata. Ba a yi wata biyu ba sai ga dattijon ya dawo da 'yan'uwansa da raƙuman sayarwa, suka sauka a zaurenmu. Daga nan har Malam ya bar duniya, mutanen wajensu ba su ƙara ba wani dillali akala ba a Dakoro. Farar taguwa kuwa ba a ƙara jin labarinta ba. Akwai kuma waɗanda har yau in an ambace shi sai su ce ai ya biya, su bar sauran a bakinsu. Makka bai je ba. Ya sake fara tarawa, ciwo ya riga shi.

Yanzu na iya karatu, ina da tele a ɗakina, kuma duk zaɓe sai an cika ta da irin waɗannan tallace-tallace. Jikokina suna kallon ɗan takara. Ni ba shi nake kallo ba. Ina kallon matar da aka tsayar bakin famfo da tulu, da tsohon da aka ba buhu ya rungume, da rubutun da ake sa musu a ƙasa wanda wataƙila ba su san abin da ya ce ba. Mai kamara zai naɗe kayansa ya koma Yamai a ranar. Su kuwa a garin za su kwana, cikin mutanen da suka san tulun na wa ne. Ba na hana kowa son partinsa, ni ma ina jefa ƙuri'ata. Amma in wani ya zo da murmushi ya ce ki riƙe wannan ki dubi nesa, ki tambaye shi na wa ne kafin ki miƙa hannu.

Ni da Malam kuwa har ya rasu ba mu daidaita a kan maganar nan ba. In ta taso, yakan ce sunansa ya saya da taguwar, kuma ya same shi da araha. Ni kuwa in ce masa an sayar masa da abin da nasa ne tun farko. Yanzu babu mai ba ni amsa, amma ban canza magana ba.